Fiye da Rabi

Afrilu ya shigo Duluth, ƙanƙara ba ta gama sakin bakin tafki ba.
Na shiga ɗakin karatu na unguwa
da kwalin takalmi cike da rasit.
Shekara talatin da ɗaya Marguerite ce ke cike takardar haraji.
Bana kujerarta kawai ta rage a kicin.

Yarinyar da ke taya tsofaffi lissafi kyauta, Annika,
ta gyara tabarau, ta ce, Mista Halvorsen,
akwai wanda ke ƙarƙashin kulawarka?
Na ce, ɗana.
Shekarunsa?
Talatin da huɗu.
Alƙalaminta ya tsaya a iska,
sannan ya sauka a hankali,
kamar mai taka matattakala cikin duhu.

Ta ce shekaru ba sa hanawa,
in dai amsoshin sun yi daidai.

Ya zauna a gidanka fiye da rabin shekara?

Na so in yi dariya.
Lyle bai taɓa kwana a wani gida ba,
sai dare tara na Nuwamba a asibiti,
su ma ina gefen gadon, takalmina a ƙafa.
Ta ce waɗannan ma kwanan gida ne a wurin hukuma.
To, madalla. A nan dai bakinmu ɗaya da hukuma.

Shi ke ɗaukar fiye da rabin nauyin kansa?

Ranar Talata yana ninke tawul a wata 'yar ma'aikata.
Abin da ake ba shi
batir ne na rediyo da tsabar tsuntsaye.
Sauran, ga shi nan cikin kwali:
magani, man ɗumama ɗaki, takalmi mai tudu a ƙafar hagu.
Aske gemu da sassafe ba shi da rasit.
Haka ma tashin ƙarfe uku na dare.

Sai ta nemi takardar likita.
Na san kalmomin, ban buɗe ba na miƙa:
naƙasa ta dindindin, gaba ɗaya.
Shekara talatin ina korar kalmomin nan daga bakin ƙofata,
na kore su daga bakin malamai, daga bakin surukaina.
Yau ni ake nuna wa
inda zan sa hannu a ƙarƙashinsu.

Gaba ɗaya?
Mutumin da ke jin kukan jirgin ruwa daga nesa
ya gaya maka abin da ya ɗauko,
da ko ya makara?
Babu gurbin rubuta wannan. Na duba.

Ta buga lissafi.
Rangwamen nan mai tsoka na yara ne 'yan ƙasa da sha bakwai.
Naka dala ɗari biyar.
Na raba a zuci da kwanakin shekara:
dala ɗaya da 'yan canji kowace rana,
ko kofin shayi bai kai ba.
Ban raina ba.
Ƙarfen dafawa na banɗaki ya fara girgiɗi tun kaka,
da babu gara ba daɗi.

Tambaya ɗaya takardar ba ta yi ba,
ita ce kuwa ke hana ni barci.
Shekarata saba'in da ɗaya.
Wata shekara, wani Afrilu,
wa zai rubuta sunansa a layin nan?

Na sa hannu.

Yana kan benci a bakin ƙofa, hula ta karkace,
kunnensa na wajen gada.
Ya ce, mai ɗaukar tama ne, Baba. Ya makara.
Ya miƙe da ƙyar, kamar kullum,
ya ga santsi a matattakala kafin in gani,
ya kama gwiwar hannuna.

Na bar masa nauyin.
Ban auna ko nawa ba ne.